Annoba Ɗaya, Birane Biyu

Ban shiga ajin tarihin duniya da wani dogon buri ba. A tunanina haddar sunayen sarakuna ce da shekarun yaƙe-yaƙe, a juye a takardar jarrabawa, a manta. Ranar farko Malam ya shigo bai ambaci sarki ko ɗaya ba. Ya ɗaga fallen takarda guda, ya ce kowa ya je ya bi sawunta, ya dawo ya faɗa masa ta wace al'umma ce.

Na zaci aikin yini ɗaya ne, sai ga shi ya ci min mako biyu. A ƙasar Sin aka fara yin ta, tarihinsu ma ya ajiye sunan wani ma'aikacin fada, Cai Lun, wanda ya gabatar wa sarki ita a shekara ta 105. Ta isa Samarƙandi a ƙarni na 8, kafin ƙarnin ya ƙare ana sarrafa ta a Bagadaza. Daga nan ta bi ta Masar da Magrib ta tsallaka Andalus, Italiyawa suka karɓa a ƙarni na 13, wajen 1450 kuma Gutenberg ya haɗa ta da injin ɗab'i a Jamus. Lambobin da na rubuta waɗannan shekaru da su ma haka suke. Indiyawa suka ƙirƙiro su har da sifili, Alkawarizmi ya yi bayaninsu da Larabci a Bagadaza, Fibonacci ya tallata su a Turai a 1202. Turawa na ce musu lambobin Larabawa, su kuma Larabawa na ce musu na Hindu. Da na koma na ce wa Malam ban samu mai takardar ba, sai ya ce, "To, yanzu mu fara karatu."

Wannan darasi mai daɗin ji ne, kuma daɗinsa ya ruɗe ni. Da aka ba mu jinga a kan zaman tare tsakanin mabambantan al'ummu, sai na zaɓi Andalus, na zauna na yi ta zuba yabo: Musulmi da Kirista da Yahudawa a birni guda, ɗakunan karatu na Kurɗuba, masu fassara a Toledo. Duk gaskiya ne. Takardar ta dawo da tambayoyi biyu da jan biro a gefe: "Ina 1066? Kuma me ya fitar da iyalan Musa bin Maimun daga Kurɗuba?" Na je na duba, jikina ya yi sanyi. A 1066 gungun mutane a Garnaɗa sun kashe wazirin sarki, wanda Bayahude ne, suka bi Yahudawan birnin da kisa. Shi kuwa Musa bin Maimun, shahararren malami Bayahude, tsananin Muwahhidai, wata daular Musulmi daga Magrib, bayan sun ci Kurɗuba a 1148 ne ya kori iyalansa, har ya ƙare a Masar yana likitanci a fadar Salahuddini. Wato a hannun Musulmi ya rasa gida, a hannun Musulmi kuma ya samu mafaka. Abin da na yi shi ne na tsince ɓangaren da ke faranta min rai na rufe sauran, ga ni kuwa kullum cikin zargin marubutan Turai da irin wannan halin. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wasu.

Amma abin da ya fi zauna min a rai daga dukan karatun shi ne labarin birane biyu a lokacin babbar annobar ƙarni na 14. Cutar ta bi hanyoyin fatauci ne, ta hanyar ƙuma da ɓeraye, jiragen ruwa suka sauke ta a Sisili a Oktoban 1347. Cikin 'yan shekaru ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ta yi ɓarna irin wannan a Masar da Sham da Magrib. Ibn Khaldun a Tunis ya rasa uwa da uba a cikinta. Ba wanda ya san musabbabinta a lokacin, kowa a tsorace yake, kuma tsoron iri ɗaya ne.

Ibn Battuta yana Dimashƙu a 1348, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da idonsa. Mutanen birnin sun yi azumin kwana uku, sannan suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu, ba takalmi, suka nufi wani masallaci a bayan gari. Musulmi na riƙe da Alƙur'ani, Yahudawa da Attaura, Kirista da Linjila, mata da yara na biye, kowa na kuka yana roƙon Allah yadda ya iya. Watanni kaɗan bayan haka, a Fabrairun 1349, a birnin Strasbourg, aka yaɗa jita-jitar cewa Yahudawa ne ke zuba guba a rijiyoyi. Aka tara ɗaruruwansu aka ƙone. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne cutar ba ta ma kai ga shiga birnin ba tukuna. Shugabannin garin sun yi ƙoƙarin kare su, sai aka tsige su tukuna kafin a yi aika-aikar. Fafaroma Clement na 6 ya riga ya fitar da sanarwa cewa su ma Yahudawan suna mutuwa kamar kowa, ba a saurare shi ba. Bayan kisan kuma aka soke basussukan da suke bin mutane, aka raba dukiyarsu. Ruwa ba ya tsami banza.

Da a farkon karatun ne, da na ce ai ga bambancin addinin kirki da na banza. Amma jan biron Malam ya riga ya warkar da ni daga wannan. Garnaɗa ta 1066 ta nuna min cewa abin da ya faru a Strasbourg yana iya faruwa ko'ina. Abin da na fahimta shi ne bambancin jinsi da addini da harshe ba shi ne ke kunna wuta ba, domin mutanen nan sun shekara ɗaruruwa suna maƙwabtaka. Sai tsoro ya zo, sannan wani mai wata riba a zuci ya nuna wa jama'a wanda za su ɗora wa alhaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa akwai mai tsaga bangon da gangan.

Wannan ɗabi'a ta liƙa wa baƙo cuta tana da ban dariya, in da ba ta kisa. Da tunjere ya ɓarke a Turai ƙarshen ƙarni na 15, Faransawa suka ce ciwon Napoli ne, Italiyawa suka ce na Faransawa ne, Rashawa suka ce na mutanen Foland ne. Murar 1918, wadda ta kashe mutane wajen miliyan 50, har yau ana danganta ta da Sifaniya, alhali laifin ƙasar kawai shi ne ba ta cikin yaƙin, don haka jaridunta ba a toshe musu baki ba. Da korona ta zo a 2020 sai na ji kamar ina sake karanta littafin aji. A Amurka ana far wa 'yan asalin Asiya a kan titi, a birnin Guangzhou na Sin kuma ana korar 'yan Afirka daga gidajen haya. A Nuwamban 2021 masana a kudancin Afirka suka gano sabon nau'in korona mai suna Omicron suka sanar da duniya cikin gaggawa, tukwicin da suka samu shi ne rufe wa ƙasashensu hanyoyin jiragen sama. Wanda ya ga haka, gobe in ya gano wani abu zai yi tunani sau biyu kafin ya buɗe baki.

Kora ma ba ta cika amfanar mai korar ba. Sifaniya ta kori Yahudawanta a 1492, Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na 2 ya buɗe musu ƙofa, suka raya birane irin su Salonika. Faransa ta haramta wa Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotesta addininsu a 1685, wajen mutum 200,000 suka fice da sana'o'insu zuwa Ingila da Holan da Furusiya, wato ta yi wa abokan hamayyarta kyautar masaƙa da maƙera. Shi ya sa in na ji ana maganar 'yan gudun hijira kamar wani sabon bala'i, sai in tuna taron Evian na 1938. Ƙasashe 32 suka hallara don duba halin Yahudawan da ke neman tserewa daga Hitila, kowa ya nuna alhini, kusan kowa ya ce ba shi da wuri. Shekara guda bayan nan jirgin ruwan St. Louis, ɗauke da mutum sama da 900, ya je Kyuba da gaɓar Amurka aka mayar da shi Turai. Yarjejeniyar kare 'yan gudun hijira ta 1951 ihu ce bayan hari. Yau waɗanda rikici ya raba da muhallinsu sun haura miliyan 100, mafi yawansu kuma ba a ƙasashe masu arziki suke fake ba.

Akwai kuma layukan da wasu suka ja wa wasu. A taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara yadda za su raba Afirka, ba ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Lauyan da aka ba wa aikin raba Indiya da Pakistan a 1947, Cyril Radcliffe, bai taɓa taka ƙasar ba kafin nan, kuma makonni biyar kacal ya samu. Mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu. A Ruwanda, Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, suna auratayya, sai 'yan mulkin mallaka na Beljiyam suka rubuta ƙabilar kowa a katin shaida a shekarun 1930. A 1994 wannan katin aka riƙa dubawa a shingen hanya, rediyo na zuga, aka kashe wajen mutum 800,000 cikin kwana 100.

Ba na cikin masu cewa sanin tarihi na hana maimaita shi. Waɗanda suka jefa duniya cikin yaƙin 1914 sun sha karatun tarihi fiye da ni. Amfanin da na gani ƙarami ne: yana sa ka gane muryar mai zuga tun kafin ya gama magana, yana kuma sa ka tambayi wa zai ci riba. A batun ɗumamar yanayi ma wannan tambayar ce ke aiki. Dutsen Tambora ya yi aman wuta a Indonesiya a 1815, a 1816 amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka, tun a lokacin ke nan iska ba ta san kan iyaka ba. Da aka gano huda a rufin ozon, iskar da ke kare duniya daga haskoki masu cutarwa na rana, a 1985, cikin shekara biyu aka ƙulla yarjejeniyar Montreal, domin sinadaran da za a bari kaɗan ne kuma akwai madadinsu. Man fetur da kwal kuwa su ne ƙashin bayan arzikin manyan ƙasashe, shi ya sa tun bayan yarjejeniyar Faris ta 2015 ake ta jan ƙafa. Afirka ba ta fitar da ko kashi 5 cikin 100 na hayaƙin, amma fari da ambaliya ba sa duba wannan lissafin.

Labarin da nake komawa gare shi idan duk wannan ya gundure ni shi ne na agana. A Boston, wani bawa ɗan Afirka da ake kira Onesimus ya bayyana wa ubangidansa yadda ake tsaga fata a sa ɗan ruwan ƙurjin mai cutar don a samu kariya, aka gwada a annobar 1721, duk da wasu likitocin garin sun ƙi yarda saboda bakin da maganar ta fito. A Istambul ma matar jakadan Ingila ta ga ana yin haka a 1717, ta kai dabarar gida. Edward Jenner ya zo da rigakafinsa mafi aminci a 1796. Sannan a 1958, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, wakilin Tarayyar Sobiyat ya kawo wa Hukumar Lafiya ta Duniya shawarar a kawar da cutar daga doron ƙasa. Ba'amurke ne ya ja ragamar aikin daga 1967, Sobiyat ta ba da allurai masu ɗimbin yawa, alhali Amurka da Sobiyat kowacce ta saita wa 'yar'uwarta makamai masu linzami. Dubban ma'aikata a Indiya da Bangaladash da Habasha suka bi gida-gida suna neman masu ƙurji, suna yi wa na kusa da su lamba. A Mayun 1980 aka sanar da cewa an gama da ita.

Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a wani mai dafa abinci ne a asibitin garin Marka na Somaliya, Ali Maow Maalin, a Oktoban 1977. Ba a yi masa rigakafin ba, domin tsoron allura ya sa ya zille. Ya warke. Daga baya ya shiga aikin yaƙi da shan inna, yana bi ƙauye-ƙauye yana ba iyaye labarin kansa don su miƙo 'ya'yansu a ɗiga musu magani. Yana cikin wannan aikin zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya rasu a Yulin 2013.