Fim ɗin da ba a magana a ciki

Wallahi da farko na ɗauka sifikar tibi ɗina ce ta mutu. Na sa faifan, mutane suna ta motsa baki amma ba abin da ke fita sai wani kiɗan fiyano mai sa barci, na ƙure murya, na zare wayoyi na mayar, ƙanina yana gefe yana ta ƙyaƙyata dariya wai "Yaya an yi maka sakiyar da ba ruwa". Sai da rubutu ya fito a kan baƙin allo sannan na tuna ai abokin nawa da ya ba ni aron faifan ya ce min fim ne na zamanin da ba a fara sa murya ba. Metropolis sunansa, na Jamus ne, 1927, Fritz Lang ya ba da umarni.

Labarin dai wani birni ne na can gaba, masu kuɗi suna sama cikin dogayen benaye suna shan iska, leburori kuma suna ƙarƙashin ƙasa suna bauta wa injina awa 10 a jere. Akwai wani mahaukacin mai ƙere-ƙere Rotwang da ya haɗa mutum-mutumin ƙarfe ya ba shi fuskar wata yarinya Maria don a rikita ma'aikatan. Brigitte Helm ce ta fito a duka biyun, kuma ko ba ta ce uffan ba daga yadda take kanne ido ɗaya kana gane wacce ce ta bogin.

To amma kallon farko ban fahimci rabinsa ba, mutum zai fito ya ɓace ba dalili, na ce ko ni ne ba na ja. Ashe laifin faifan ne. Bayan an fara haska fim ɗin a Berlin yanke shi aka yi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, haka aka yi ta yawo da guntun shekara da shekaru. Sai a 2008 aka tsinci wani tsohon kwafi a gidan adana finafinai a Buenos Aires ta Ajantina, aka gyara aka fitar a 2010 da ƙarin wajen minti 25, ya kai kusan awa biyu da rabi. Shi na nema na sake zama.

Bambancin kamar sama da ƙasa. Wuraren da aka dawo da su ana gane su, hoton duk ya kakkarce kamar ana ruwan sama a cikin tibi, kuma ni dai abin ya burge ni, kamar kana kallon tabon da ke jikin fim ɗin. Sannan kiɗan, wannan karon asalin wanda Gottfried Huppertz ya tsara ne da cikakken taron makaɗa, ba fiyanon nan da aka liƙa wa na farko ba. Ashe kiɗan ne bakin fim ɗin.

Wani abin da na koya da wahala shi ne waya. Mu da muka saba da fassarar fim ɗin Indiya, kana latsa waya mai fassara yana ba ka labari a kunne, nan babu wannan gatan, ka sunkuya duba saƙo rubutu ya wuce shi kenan ka ɓata. Sau uku ina mayarwa baya kafin na haƙura na kife ta a ƙarƙashin filo. Aka kuma ɗauke wuta ana tsakiyar ambaliyar da ta ci unguwar leburori, sai da na tashi janareta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, maƙwabta dai sai haƙuri.

Ba komai na so ba gaskiya. Yadda jarumin yake dafe ƙirji yana zazzaro ido ya yi yawa, kuma ƙarshen da aka haɗa hannun mai gida da na lebura wai an sasanta, ni bai zauna min ba, bayan duk wannan azabar musabaha kawai? Amma wajen da zobban haske suke hawa da sauka a jikin mutum-mutumin yana rikiɗa ya zama mace, ba kwamfuta ba komai, ƙanin nawa mai dariyar nan shi ya fizge rimot ya ce Yaya dan Allah a maimaita.