Hoton faifan da na ɗauka da mabuɗin BitLocker mai lamba 48

Kwamfutata tana da faifan SSD mai gigabait 512, wanda Windows ke nuna shi a matsayin 476, kuma abin da na cika a ciki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na so in ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, wato Windows da manhajoji da saituna da ƙaramin ɓangaren EFI da kwamfuta ke tashi da shi, ta yadda ko faifan ya mutu zan zuba komai a sabo in ci gaba da aiki. Na zaɓi Clonezilla, manhajar ɗaukar hoton faifai, na ɗora ta a filas, na tayar da kwamfutar daga can, na zaɓi savedisk (faifai gaba ɗaya) maimakon saveparts (zaɓaɓɓun ɓangarori) domin teburin ɓangarori ma ya shiga. Duk wannan ya tafi lami lafiya.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne lokacin da aikin ya ci. A al'ada Clonezilla tana amfani da Partclone, wanda ya san NTFS, tsarin fayilolin Windows, sai ya kwashi wuraren da ke ɗauke da bayanai kaɗai ya tsallake fanko. A kan ɓangaren C kuwa sai na ga ta koma ga dd, tana karanta faifan daga farkonsa har ƙarshensa, kuma hoton ya fito da girman da ya zarce tsammanina nesa ba kusa ba. Sai da na koma cikin Windows na buga umarnin manage-bde -status na ga dalili: BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, yana kunne. Windows kan kunna wannan kulle da kansa a kwamfutoci da yawa idan aka shiga da asusun Microsoft, kuma yana aikinsa shiru, domin guntun TPM da ke kan babban allon kwamfuta ne ke sakin mabuɗin a duk lokacin da aka kunna ta. Clonezilla daga waje take kallon faifan, don haka kulallun bayanai kawai take gani, waɗanda ba ta iya tantance su balle ta matse su.

Ɓata lokaci da cin wuri duk da sauƙi. Hankalina ya tashi ne ranar da na gwada hoton. Na zuba shi a wani faifai na sa a wata kwamfuta, kamar yadda zan yi idan tawa ta lalace ko aka sace ta, sai shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗin ceto mai lamba 48. Binciken da Clonezilla ta yi bayan ɗaukar hoton ya tabbatar da cewa lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya ta faɗa, amma TPM ɗin da zai buɗe shi yana can manne da babban allon kwamfutar farko. Hoton ya zama kamar akwatin da aka kulle aka bar makullinsa a gidan da ake tsoron gobara ta cinye. Na ci sa'a mabuɗin yana ajiye a asusuna na Microsoft, na buɗe shafin a waya na kwafe lambobin rukuni takwas, shida-shida, Windows ya tashi. Har yau idan na tuna cewa da ba ya can, da duk abin da na adana ya tashi a banza, sai gabana ya faɗi. Yana kuma ci mini rai cewa bayanan koyarwa da dama da na bi ba su ambaci wannan ko da layi ɗaya ba.

Yanzu kafin in taɓa filas, sai na buga manage-bde -protectors -get C: na rubuta mabuɗin a takarda, na ajiye ta inda ba kwamfutar ba faifan ajiyar. Wanda yake son ƙaramin hoto yana iya kwance kullen gaba ɗaya da manage-bde -off C: ya jira ya kammala, domin dakatar da BitLocker na ɗan lokaci ba ya kwance bayanan, Clonezilla za ta ci gaba da ganinsu a kulle. Sai dai hoton da aka ɗauka bayan kwancewa a buɗe yake ga duk wanda faifan ajiyar ya faɗa hannunsa, shi ya sa nake karɓar zaɓin da Clonezilla ke bayarwa na kulle hoton da kalmar sirri, sannan in mayar da BitLocker. Idan aka mayar da shi sabon mabuɗin ceto yake fitowa, saboda haka tsohuwar takardar ba za ta buɗe sabon kullen ba, dole a sake rubutawa a sa kwanan wata.

Akwai kuma batun girma: Clonezilla tana so faifan da za a zuba hoton ya kai na asali ko ya fi shi, don haka hoton faifai mai 512 ba zai shiga mai 500 kai tsaye ba, komai ƙanƙantar abin da ke ciki. Faifan da na saya na ajiye domin gwaji mai terabait 1 ne, kuma duk sabon hoto a kansa nake tayar da Windows, da takardar mabuɗin a hannu, kafin in goge wanda ya gabace shi.