Kyamarar da ke tsince kwalabe a Idu

Jiya na raka yayana wata masana'antar ruwan roba a Idu, nan Abuja. Kwalabe na gudu a kan bel, wata 'yar kyamara tana ɗaukar hoton kowacce, kwamfuta ta duba. Da murfi ya karkace, sai iska ta fyaɗo kwalbar gefe. Wallahi sakin baki na yi.

Kamfanoni irin su Cognex na Amurka da Keyence na Japan ne ke ƙera irin waɗannan kyamarori. Amma da hunturu ƙura ta rufe gilashin kyamarar, na'urar ta dinga zubar da kwalabe masu kyau, sai daga Legas aka kira mai saitawa. Kwana uku ana jira!

Na ce wa Yaya, ni fa wannan gyaran zan koya. Dariya ya yi.