Haddar Filibiyawa, sati na 7: na maƙale a sura 2

Salama gare ku 'yan uwa. Ga inda na kai, kuma kar wani ya fara taya ni murna tukuna.

Lissafin da na yi tun farko mai sauƙi ne, wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa sura 4 ce, aya 104, in na riƙe aya biyu kullum kwana 52 na gama. Yau kwana 49 kenan, ina 2:8. Aya 38 kawai, su ma ɗin akwai magana.

Yadda nake yi bai canja ba. Kiran sallar asuba ne agogona, a unguwarmu Aboabo ba ka buƙatar alam, sai in tashi in rubuta ayar sau uku a littafi da biro, in sake kwafarta a guntun kwali in manna jikin keken ɗinki, ina taka keke ina maimaitawa. Littafi Mai Tsarkin na mamana ne da ta zo da shi daga Bawku, bangonsa ma ni na ɗinka masa da ragowar atamfa. Hausar ciki tana da zurfi, ba irin tamu ta zango ba, kalmar tawali'u sai da na tambaya kafin na tabbatar ƙasƙantar da kai ake nufi.

To ga abin da ya faru. A zumuntar mata na miƙe na kawo 2:1 zuwa 4 da ka, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba, bakina yana cewa kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi, idona kuma yana zagaya benci yana ƙirga wa da wa suka gyaɗa kai. Sai wata tsohuwa a baya ta ce 'yata, ɗan kawo mana wurin da Bulus yake maganar sarƙoƙinsa a sura 1. Shiru. Daga aya 12 zuwa 18 babu komai a kaina, fes kamar an wanke allo, sura 1 ɗin da na yi sati biyar a kanta har nake cewa na gama.

Jikar Mma maƙwabciyarmu ce ta gano ciwon, yarinya 'yar shekara goma mai zuwa makaranta da yamma. Ta ji ina ta fama a tsakar gida ta ce Anti, ke ba kya tilawa ne? Wai su malam ba ya ƙara musu sabo sai sun biya na baya, kullum, ko ya gundure su. Gaskiya abin ya sosa min rai, yarinyar da nake aika sayen koko da ƙosai. Na ce mata namu daban ne. Kwana biyu ina riƙe da wannan girman kan kafin na kira ta na ce zo ki sake min bayani, kuma ta yi, har da nuna min yadda ake raba tsohon karatu kashi-kashi a zagaye shi cikin sati.

Yanzu kusan rabin awa na farko na baya ne zalla, ɗana yana riƙe littafin yana kama ni. Yana jin daɗin kama ni fiye da kima, amma a bar wannan.

Aya 5 zuwa 8 na sura 2 kuwa da gangan nake jan ƙafa. Na rubuta su kamar matakala, kowane layi ya ɗan sauka ƙasa da na samansa: Yesu Almasihu yana cikin surar Allah, wato siffarsa, bai riƙe wannan kam-kam ba, ya wofintar da kansa, ya ɗauki surar bawa, ya zama mutum, ya yi biyayya har mutuwa, layin ƙarshe can gindin shafi, gicciye. Sai da hannuna ya bi su a hankali na lura babu inda aka tura shi, kowane mataki shi ya sauka da kansa. Kuma Filibi gari ne na Romawa a Makidoniya, inda gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, ba abin da mutumin kirki zai ambata a bainar jama'a ba. A garin nan ne aka yi wa Bulus da Sila bulala aka jefa su kurkuku, yana nan a Ayyukan Manzanni 16, ku karanta shi tare da wasiƙar, yana taimakawa sosai.

Addu'ata ma ta gajarce kwanan nan. Da nakan jero buƙatu kamar mai lissafin kaya a kasuwar Kejetia, shekaranjiya kuwa na gama aya 8 na zauna kawai, har kwastoma ta ƙwanƙwasa ban ce komai ba.

Satin nan ba sabuwar aya. Wanda ya wuce 1:15 zuwa 18 ya faɗa min dabarar da ya yi, masu wa'azi don kishi da masu yi da zuciya ɗaya sai cakuɗe min suke, ina fara ɗaya in faɗa cikin ɗayan.