Wasiƙa daga Manchester: Mura, Sirace da Ruwan Gishiri

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya sanyi, ya ƙura? Na san yanzu hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa, yara na ta jan majina. Mu ma nan Ingila ba mu tsira ba. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, waje a jiƙe, amma cikin ɗaki na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska har sai hancin mutum ya yi kamar yana tsakiyar kasuwar Dawanau a watan Janairu.

Makon jiya mura ta kwantar da ni. Ba atishawar ce ta dame ni ba, nauyin nan ne da ke taruwa a goshi da ƙarƙashin ido, wanda in ka yi sujada sai ka ji kamar fuskarka za ta faɗo. Na yi duk abin da Inna ta koya mana. Na daka citta da kanumfari da masoro, na matsa lemun tsami, na zuba zuma, na sha da zafinsa. Na yi farfesu mai yaji har hawaye. Maƙogwaro ya yi daɗi, majina ta saki na ɗan lokaci, amma da dare ya yi hancin ya koma ya rufe.

Da na kira likita ina neman kafso, wato maganin antibayotik, sai ta hana ni. Raina ya ɓaci, don a gida da tuni yaron kemis ya ƙirgo mini ja-da-yalo. Bayaninta shi ne, irin wannan toshewar galibi ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, kuma kafso ba ya taɓa bairos. Akwai 'yan ramukan iska a cikin ƙashin goshi da kumatu. Fatar cikinsu ce ke kumbura ta toshe hanya, majina ta rasa mafita. Cikin mako biyu zuwa uku yakan warware da kansa. Abin da ta ce in yi kuwa har dariya ya ba ni: in wanke hanci da ruwan gishiri.

Ga yadda ake haɗa shi. Ruwa kimanin rabin lita, wato ledar fiya wata ɗaya, a tafasa shi a bari ya huce. A zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, da ɗaya na bekin soda in akwai. Kada wata ta ce kanwa za ta maye gurbinsa. A zuba a tafin hannu mai tsabta, a shaƙa ta hanci ɗaya, a bari ya zubo, a koma ɗayan. Mu da muke shaƙa ruwa mu fyace a kowace alwala, wa zai koya mana wannan? Gishirin ne kawai sabo, shi ke hana raɗaɗi, ya kuma tsinka majinar. Maganar tafasawa kuwa kada a yi wasa da ita, musamman ruwan rijiya ko na tanki, don akwai ƙwayar cutar da ke bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Ba ta da yawa, amma wanda ta kama da wuya ya tashi.

Kwana uku ina yi safe da yamma, na samu barci.

Sirace fa? Ni ma ina sonsa, musamman da ganyen turare ko na'a-na'a, a lulluɓa da bargo a yi gumi. Sai dai wani bincike da aka yi a Jami'ar Southampton a 2016 kan masu fama da toshewar hanci mai daɗewa ya nuna wankin gishiri ya taimaka, sirace kuwa ɗan ciwon kai kawai ya rage. A 2020, lokacin korona, asibitin yara na Birmingham ya yi ta karɓar yaran da ruwan sirace ya ƙone. Babba ya yi abinsa in yana jin daɗi, amma don Allah a daina danne yaro a kan tukunya. Haka Robb da mentileta: sanyinsu ke sa ka ji kamar hanya ta buɗe, alhali kumburin na nan. A shafa a ƙirji, ban da cikin hanci, ban da jarirai. Zuma ma ba a ba yaron da bai shekara ba. Maganin fesawa na kemis kuma kada ya wuce mako guda, in ba haka ba hancin ya saba, sai ya fi da toshewa.

Abu ɗaya ke tsaya mini a rai idan na tuna gida a wannan lokaci: daga hunturu zuwa bazara ne sanƙarau ke yawo. Zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, ko kumburin ido, ko ciwon kan da ya fi ƙarfin na mura, wannan ba na citta ba ne, a nufi asibiti a ranar.

Duk mai zuwa nan ya taho mini da kimba da man kaɗanya. Citta da tafarnuwa akwai su a shagunan 'yan Pakistan da ke Cheetham Hill, amma kimbar da na samu duk ta sha iska, ba ƙanshi. A gaishe da su Inna, a ce ta riƙa rufe hanci in za ta yi shara.

Wassalam,
'Yar'uwarku a Manchester