Kwamfutar da ta ƙi tashi bayan sabunta BIOS

Laftof ɗin ƙanwata ce, batirinta ya daɗe da mutuwa. Ana cikin sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, aka ɗauke wuta. Shi ke nan: fanka na juyawa, fitilar Caps Lock na ƙiftawa, fuskar kwamfuta baƙi ƙirin.

Hankalinta duk ya tashi saboda furojet ɗinta. Na ce ta kwantar da hankali, ba wuri ɗaya BIOS da fayil suke ba. BIOS yana cikin wani ɗan cif a jikin bod, galibi mai ƙafa takwas.

Kamfanoni sukan bar ƙofar gyara. A yawancin HP, kana danne da maɓallan Windows da B za ka kunna. A Dell kuwa Ctrl da Esc ake dannewa, sannan a jona caja. Wani sa'in sai ka zuba fayil ɗin BIOS a filashi da aka yi wa fomat da tsarin FAT32. Tata dai ko gezau.

Sai na ɗauko 'yar na'urar CH341A mai karanta cif da yin rubutu a cikinsa, na maƙala wa cif ɗin maƙalinta. Nan ake son natsuwa. Kafin ka goge komai, kwafe abin da ke ciki ka ajiye, don lambar kwamfutar da lasisin Windows sukan kasance a can. Ka kuma duba lambar cif ɗin: wasu wuta mai ƙarfin 1.8V suke ɗauka, ka ba su 3.3V babu adafta, ka ƙone su. Masu gaggawa a nan suke ɓarna.

Na rubuta sabon BIOS a cif ɗin, na mayar da murfi. Ta ɗan jima shiru, ta kashe kanta ta sake tashi, sai ga tambari. BitLocker, makullin Windows mai kulle fayiloli, ya nemi lambarsa mai alƙaluma 48, muka samo ta a asusunta na Microsoft.