Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shayin da Ban Sha Ba a Aboabo

Makon jiya na tsaya ne a inda muka bar cibiyar horar da 'yan mishan da a lokacin take Tema ta ƙasar Gana, aka zuba mu a mota sai Kumasi. Farkon 2015 ne, shekarata 19, ga akwati biyu, ga baƙin bajo a ƙirji an rubuta "Elder" kafin sunan gidanmu. Ma'anar kalmar dattijo. Ni da ko gemu ban fara ba, kuma ko da na fara dokar aikin ba ta yarda a bar shi ya tsaya ba. A ƙasan sunan an rubuta sunan cocinmu, Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, wadda mutane suka fi sani da Mormon.

A lokacin tsarin yini ba ya canzawa. Ƙarfe 6:30 a tashi, a yi addu'a, a motsa jiki rabin awa, a yi wanka da bokiti. Daga nan karatu, kowa shi kaɗai da Littafi Mai Tsarki da Littafin Mormon, sannan mu haɗu mu biyu mu shirya darasin da za mu koyar. Sai farar riga da nektai, mu shiga gari a ƙafa ko a motar haya da suke kira torotoro. Ƙarfe 10:30 na dare a kashe fitila, idan akwai wutar da za a kashe. Shekarar ce matsalar wuta ta yi tsanani a Gana, har suka raɗa mata suna "dumso", wato kashe-kunna. Ni ɗan Najeriya abin bai dame ni ba. Dutsen guga na gawayi na saya a kasuwar Kejetia na ci gaba da harkata. Ba talabijin, ba rediyo, ba budurwa. Litinin ce ranar wanki da cefane da zuwa shagon intanet a rubuta wa gida saƙo. Muryar Mama kuwa sau biyu kacal a shekara nake jin ta, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata a watan Mayu. Sai a 2019 aka sassauta, 'yan mishan suka samu damar kiran gida kowane mako. Yaran yanzu sun ji daɗinsu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne abokin tafiya.

Doka ce kada ka rabu da shi, dole ya kasance inda kake ganinsa kuma kake jin muryarsa, sai fa in ɗayanku ya shiga bayi. Ba kai ke zaɓensa ba, shugaban mishan ke haɗa ku, kuma duk bayan mako shida ana iya sauya ku ko a bar ku tare. Nawa na farko Ba'amurke ne daga jihar Idaho, dogo, fatarsa ta yi ja saboda rana, ya riga ni zuwa da shekara guda. Mutumin kirki ne, ban taɓa ganin ya tsallake maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha kullum ba, ko ya kwanta bai sauke gidan sauro ba. Amma ka kwana ka tashi da mutum ɗaya, ɗaki ɗaya, kwano kusan ɗaya, har yadda yake tauna abinci sai ya fara ba ka haushi. Shi fufu ma taunawa yake yi, matan unguwa suna ta dariya.

Ga kuma abin da na daɗe ban furta ba. In mun shiga layi, yara shi suke bi suna "obroni, obroni", wato Bature. In an buɗe mana ƙofa, shi ake miƙa wa kujera mai kyau. Tambaya ma shi ake yi wa, alhali Tuwi, harshen mutanen garin, da yake yi bai wuce gaisuwa da na gode ba. Sai tambaya ɗaya da ake juyowa a yi mini. Wani malamin makaranta ya kalle ni ido cikin ido ya ce, cocin da bai ba baƙar fata matsayin firist ba sai a 1978, me nake yi a cikinsa? Na ba shi amsar da aka koya mana. A hanya ban ce uffan ba, abokina ma bai ce ba. Kullum ina tare da mutum, amma kaɗaici na cina.

Wata Alhamis da yamma wanda muka yi alkawari da shi bai zauna a gida ba, muka yanke ta Aboabo don mu kama mota. Ruwa ya ɗauke ke nan, ƙasa na ƙamshi. Sai na ji wata mata ta ɗaga murya tana yi wa yaro faɗa: "Kai, zo nan, ba na ce ka kawo mini ruwa ba?" Ƙafata ta tsaya da kanta. Wata uku ban ji Hausa ba sai a mafarki.

Na san akwai zango a Kumasi, an gaya mana. Amma sani daban, ji daban. Ga mai ƙosai, ga mai tsire, ga kiran sallar la'asar ya wuce mutane na fitowa daga masallaci da butoci. Wake da shinkafar da nake ci kusan kullum da sunan "wace" ashe sunan ma daga wakenmu ya samo asali. A bakin titi wani tsoho na zaune kan bencin mai shayi, da farar hula da carbi. Ban san lokacin da na rusuna ba.

"Baba, barka da yamma."

Ya ɗago, ya kalli nektai, ya kalli Baturen da ke bayana, ya dawo kaina. "Ikon Allah. Yaro, daga ina?"

"Daga Jos, Baba."

"Bahaushe ne kai?"

"A'a, Baba, amma da Hausa na tashi."

Ya matsa mana a benci. Ya sa yatsa a kan bajona yana tambayar me aka rubuta, na karanta masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Annabi Isa, alaihissalam." Bai ƙara komai a kai ba. Shi a Kumasi aka haife shi, in ji shi, kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano da fatauken goro, ya zauna a Salaga kafin ya gangaro kudu. Kano kuwa bai taɓa taka ta ba. Hausarsa ta zango ce, mace ma "ya" yake ce mata, "matata ya tafi kasuwa", na danne dariya don kada in yi rashin kunya.

Sai ya ce wa mai shayi, "Haɗa wa baƙina, ka sa madara da yawa."

Nan gabana ya faɗi. A cocinmu ba a shan shayi. A Jos ban taɓa jin nauyin wannan doka ba kamar ranar, domin mayar da kyautar babba ba tarbiyyar gidanmu ba ce.

"Baba, ka yi haƙuri, addininmu ya hana mu shayi."

"Shayi? Mu dai giya aka hana mu."

"Giyar ma an hana mu, Baba, da taba da gahawa."

Ya yi dariya har da tari. "To, ɗana, naku ya fi namu tsanani. Milo fa, shi ma haramun ne?" Na ce wannan ya halatta. Aka haɗa mana Milo da biredi, ya hana mu biya. Muka yi kusan awa guda. Ya tambayi sanyin Jos, ya tambayi ko mahaifiyata na da rai, ya ce in gaishe ta. Ban buɗe jakata ba ko sau ɗaya. Dama an gargaɗe mu kada mu soma koyar da Musulmi ba tare da izinin shugaban mishan ba, amma ko ba gargaɗin, ba wa'azi ya zaunar da ni a bencin nan ba.

Abokina bai ce komai ba sai da muka rufe ƙofar gida. Ya ce mun ɓata awa guda ta aikin Ubangiji, ba darasi, ba alkawari, me za mu rubuta a rahoton mako? Ya ce kuma an bar shi zaune kamar gunki, bai san me ake cewa ba. Na ce masa madalla, yau ka ɗanɗana abin da nake ci wata uku. Na fito da maganar kujera, da ta malamin makaranta, duk na zazzage. Fuskarsa ta ƙara ja. Wuta ba ta, ɗaki ya yi zafi, kuma babu inda ɗayanmu zai iya zuwa ya huce, doka ta hana. Haka muka durƙusa gefe da gefe muka yi addu'ar dare, tunda ita ma dole ce, kowa na cika yana batsewa.

Washegari da safe yana ɗaure takalmi, bai ɗago kai ba ya ce, "Yaya ake cewa na gode da harshen naku?" Na gaya masa. Ya maimaita sau uku, duk ba daidai ba.

Ranar Asabar da daddare wayar gidan ta yi ƙara. Kiran sauyin wuri ne, kuma ni aka ce in haɗa kaya. Inda aka tura ni da wanda na tarar a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.